Da Ruwanmu a Bikin Finafinan Berlin

Wani ƙanena mai sana'ar tace finafinai ya ɓata min rai kwanakin baya, ko da yake ba da gangan ya yi ba. Ina zaune a shagonsa yana ta fama da wani shiri mai dogon zango da za a ɗora a YouTube daren Juma'a, sai labarin bikin finafinai na Berlin ya gifta a talabijin ɗin da ke maƙale a bango: jar darduma, mutane cikin rigunan sanyi, 'yan jarida sun yi cincirindo da kyamarori. Ya ɗan ɗaga kai ya kalla, ya mayar da ido kan kwamfutarsa, ya ce, "Yaya, rabu da su. Bikin Turawa ne, su haska abinsu su raba wa junansu kyauta. Me ya haɗa kifi da kaska?"

Da a bakinsa kaɗai na ji, da na bar ta a hirar shago. To amma magana ce da ta zama ruwan dare a tsakanin 'yan fim ɗinmu da masu kallonsu, har da wasu masu ilimin da ake sauraron ra'ayinsu. Wannan ya ce taron fitsara ne. Wancan ya ce taron 'yan kanzagin Isra'ila ne. Wani kuma ya ce ko mun kai kayanmu ba za a duba ba, gara mu tsaya inda Allah ya ajiye mu.

Ni ban yarda ba. Da ruwanmu a Berlin, kuma juya mata baya da muke yi mu yake cuta, su ko a jikinsu. Bikin yana da laifuffuka, zan ambace su da sunansu, wasu ma sun fi waɗanda ake faɗa a majalisa muni. Duk da haka, mai sana'ar fim da bai san abin da ake yi a can ba, kuma bai damu ya sani ba, ya shata wa sana'arsa iyaka da hannunsa.

Ga wanda bai san bikin ba: an fara shi a watan Yunin 1951, lokacin birnin bai gama kwashe ɓaraguzan Yaƙin Duniya na Biyu ba. Wani jami'in Amurka mai kula da harkar finafinai, Oscar Martay, shi ya kawo shawarar, kuma manufar a fili take: a nuna wa mutanen gabas da ke ƙarƙashin Tarayyar Sobiyat irin rayuwar yamma. A 1978 aka mayar da shi watan Fabrairu, tsakiyar hunturu, inda yake har yau. Babbar kyautarsa ita ce Golden Bear, kuma tare da na Cannes a Faransa da na Venice a Italiya ake lissafa shi cikin manyan bukukuwa uku na Turai. Abin da ya bambanta shi da su shi ne na jama'ar gari ne. Ana sayar da tikiti fiye da 300,000 a kowace shekara, ɗalibi da direban bas da tsohuwa 'yar fansho duk suna saya su shiga.

Fim ɗinmu da aka tsinto a cikin ƙura

Ga dalilina na farko, kuma shi ya fi ci min rai.

A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubutun Hausa ta 1933 ta haifar. Umaru Ladan ne ya fito a Shaihun. Da Hausa aka yi shi, da kuɗin gwamnatin tarayya, a kan zaren fim irin na sinima, shekara 14 kafin a fara finafinan bidiyo a Kano a 1990. Duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya san labarin: yaron da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, ya tashi a hannun Balarabe har ya zama malami, da uwar da ta bi sawunsa cikin bauta da wahala har ƙarfinta ya ƙare.

Fim ɗin ya ɓace. Shekara da shekaru sai dai a ji sunansa a bakin dattawa ko a gan shi a takardun malaman jami'a. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa cikin tarin tsofaffin finafinai a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, bayan fafutukar wani mai shirya fim ɗan ƙasar nan, Didi Cheeka, da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal da ke Berlin ce ta ɗauki nauyin gyaransa da mayar da shi na zamani, da tallafin ofishin jakadancin Jamus. A Fabrairun 2018 aka haska shi a bikin Berlin, a sashen da ake kira Forum.

Ka kwatanta abin a ranka. Ɗakin kallo a Jamus, waje sanyi na ratsa ƙashi, mutane sun biya kuɗinsu sun zauna fiye da awa biyu suna sauraron Hausa irin ta mutanen dā, suna kallon rawani da alkyabba da ayarin raƙuma, suna bin ma'anar a rubuce a ƙasan hoto. Mu kuwa masu abin, shiga lokeshan a Kano ko Kaduna ko Jos ka tambayi samarin da ke riƙe da kyamara, da wuya ka samu wanda ya taɓa kallonsa daga farko zuwa ƙarshe. Wasu ma za su rantse maka cewa da kaset ɗin bidiyo fim ɗin Hausa ya fara.

Za a ce Jamusawa ba don Allah suka yi ba. Haka ne, duk ƙasar da ke kashe kuɗi a kan al'adun wasu tana neman suna da faɗa a ji. Sai dai zaren fim ba ya jira a gama muhawara a kan niyya. Zafi da laima suna cin sa, ya fara tsami, ya manne da juna, ya ruɓe. Da an ƙara wasu shekaru a haka, da babu sauran abin gyarawa.

A 2016 ɗin nan dai aka soke shirin gina alƙaryar finafinai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, bayan malamai da jama'a da dama sun nuna rashin amincewa. Ban raina damuwarsu ba. Sun kawo hujjojin da 'yan fim suka kasa amsawa, kuma halin wasu a cikin sana'ar ne ya jawo. Abin takaicin shi ne muhawarar ta ƙare a kan rawa da waƙa, zancen ma'ajiya da makaranta ya bi ruwa. Yau ina asalin finafinan da aka yi ta rububinsu a Bata da Ƙofar Wambai a shekarun 1990? Da yawa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, wasu gara ta gama da su. Ko wannan darasin kaɗai muka koyo daga Berlin, cewa fim kaya ne da ake adanawa kamar littafi, ya isa a ce da ruwanmu.

"Ai 'yan kanzagin Isra'ila ne"

Wannan ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan kewaye ta ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024, a daren rufe bikin, fim ɗin No Other Land ya ci kyautar dokumentari. Mutum huɗu suka yi shi, Falasɗinawa biyu da 'yan Isra'ila biyu, a kan yadda sojoji ke rusa gidajen mutane a ƙauyukan Masafer Yatta da ke Yammacin Kogin Jordan. Ɗaya daga cikinsu, Bafalasɗine Basel Adra, ya tsaya a kan dandamali ya ce da wuya ya iya murna alhali ana karkashe dubban mutanensa a Gaza, ya roƙi Jamus ta daina aika wa Isra'ila makamai. Abokin aikinsa ɗan Isra'ila, Yuval Abraham, ya ce idan sun koma gida, shi yana ƙarƙashin dokar farar hula, Basel yana ƙarƙashin dokar soja, shi yana da 'yancin jefa ƙuri'a, Basel ba shi da shi, kuma tsakanin gidajensu tafiyar rabin awa ce.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Gari na wayewa 'yan siyasa suka yi caa. Magajin garin Berlin, Kai Wegner, ya yi tir da abin da aka faɗa. Ofishin ministar al'adun Jamus ta lokacin, Claudia Roth, wadda kyamara ta kama tana tafi, ya fito ya ce ɗan Isra'ilan ta tafa wa. Mutum biyu suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, sun yi aiki ɗaya, sun karɓi kyauta ɗaya, amma sai da aka raba musu tafi. Shi kansa Abraham, wanda wasu danginsa suka halaka a kisan kiyashin 'yan Nazi, an liƙa masa ƙin jinin Yahudawa, barazanar kisa ta hana shi komawa gida a kan lokaci.

Shekara ɗaya kafin nan, a 2023, shugaban Ukraine Volodymyr Zelensky ya yi jawabi ta bidiyo a daren buɗe bikin, aka miƙe tsaye ana tafa masa. Babu wanda ya ce an kawo siyasa cikin fim. Wannan son zuciya ne tsagwaronsa, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: kaso mai tsoka na kuɗin bikin daga gwamnatin Jamus yake fitowa, matsayin gwamnatin a kan Isra'ila kuwa kowa ya san shi.

To me ya sa ban ce mu ƙaurace ba?

Saboda alƙalan bikin ne suka ba fim ɗin kyauta, masu kallo 'yan gari kuma suka sake zaɓensa da ƙuri'unsu a sashen Panorama. Daga Berlin ya fara tafiyar da ta kai shi ga kyautar Oscar a Maris na 2025. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunan Masafer Yatta ba sun ji shi ta dalilin wannan dandamalin da muke zagi. 'Yan siyasa sun fusata ne domin maganar ta fito a inda ake ji.

Kuma ƙauracewa makami ne na wanda za a ji rashinsa. Akwai masu shirya finafinai da suka janye ayyukansu a 2024 saboda Gaza, ina girmama su ƙwarai, domin sun sadaukar da abin da suka sha wuya kafin su samu. Mu kuwa ba mu da fim a ciki balle mu janye. Idan muka ce mun ƙaurace, babu kujerar da za ta zama fanko, babu ɗan jaridar da zai tambayi dalili, kuma babu yaro ɗaya a Gaza da zai amfana.

Tarihin bikin kansa ya nuna abin da zama a ciki a yi faɗa ke haifarwa. A 1970 wani darakta Bajamushe, Michael Verhoeven, ya kawo fim a kan sojojin Amurka da suka yi wa wata yarinya fyaɗe suka kashe ta a yaƙin Vietnam. Alƙalai, ƙarƙashin Ba'amurke George Stevens, suka nemi a cire shi. Rigima ta kaure, wasu daraktoci suka janye finafinansu, alƙalan suka ajiye aiki, aka watse ba a kammala gasar ba. A 1971 aka kafa sashen Forum domin finafinan da manya ba sa so ko ba su damu da su ba. Wannan sashen ne, bayan shekara 47, ya haska Shaihu Umar.

"Taron fitsara ne"

Akwai finafinan da ake haskawa a can waɗanda ba zan kalla ba, balle in bar 'ya'yana su kalla. Akwai kuma wata kyauta ta gefe mai suna Teddy, tun 1987, domin finafinan da suka shafi masu neman jinsi. Addininmu da al'adarmu suna da matsayinsu a kan haka, kuma babu takardar shiga bikin da ta ce sai ka ajiye naka matsayin a bakin ƙofa. Finafinai fiye da 200 ake haskawa, kowa da ɗakin da yake shiga.

Wanda ke ganin sai an tuɓe ake cin kyauta a Turai, ya dubi Iran. A can dokar tace finafinai ta fi tamu tsanani: mace ba ta fitowa babu lulluɓi ko da a cikin ɗakinta ne, namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara. A ƙarƙashin wannan dokar Asghar Farhadi ya yi A Separation, ya ci Golden Bear a 2011, jarumansa maza da mata suka kwashe kyaututtukan wasa, daga baya ya ci Oscar.

Me ke cikin fim ɗin? Miji da mata a gaban alƙali ana zancen saki. Tsohon uba da ya rikice ba ya gane kowa. 'Yar aiki matalauciya mai tsoron Allah, wadda ta buga waya ta tambayi malamai ko zunubi ne ta wanke tsohon da ya ɓata jikinsa, tunda ba muharraminta ba ne. Can kusa da ƙarshe aka ce ta dafa Alƙur'ani ta rantse a ba ta kuɗin da mijinta ke matuƙar buƙata, ta kasa, domin tana da kokwanto a zuciyarta kuma tana tsoron abin da zai samu 'yarta.

Wace unguwa ce a Kano ko Katsina ko Maraɗi babu irin wannan labarin? Muna da kotunan shari'a cike da su kullum. Muna da rikicin gado, da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, da almajirin da ya girma bai san fuskar uwarsa ba, da dattijon da 'ya'yansa ke tura wa juna jinyarsa. Kunya da kawaici da tsoron Allah su ne ma jarin labarinmu, domin mutumin da ba zai iya faɗin abin da ke ransa a fili ba ya fi daɗin kallo a fim. Abin da Farhadi ya fi mu shi ne ya zauna ya rubuta labarin har ya nuna, bai bar wa jarumai su ƙirƙiro magana a gaban kyamara ba.

"Talaucinmu kawai suke son gani"

Nan akwai ƙamshin gaskiya. Bikin yana da asusun tallafi, World Cinema Fund, tun 2004, wanda ke ba masu shirya finafinai daga Afirka da Latin Amurka da wasu sassan Asiya kuɗi. Wanda zai nema da Turanci zai rubuta, waɗanda za su karanta kuma galibi a Turai suke zaune. Mai nema yakan san abin da ke taɓa zuciyarsu: yaƙi, ƙaura ta teku, zaluntar mata. Sannu a hankali sai ka ga matashin darakta yana rubuta labarin da zai burge kwamiti, ya bar wanda ke damun unguwarsu. Idan Bahaushe ya je da ƙoƙon bara, Boko Haram da auren wuri za a tambaye shi, ko shakka babu.

Amma jerin waɗanda suka ci kyauta bai goyi bayan cewa wannan kaɗai ake so ba. A 2005 fim ɗin Afirka ta Kudu da aka rera gaba ɗayansa da harshen Xhosa ya ci Golden Bear. A 2024 Mati Diop ta ci ta da Dahomey, a kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin, inda ɗaliban jami'a ke muhawara mai zafi a kan dubban da ba a dawo da su ba. Wannan fim tuhumar Turai yake yi, a tsakiyar Turai. A 2019 kuma kyautar dokumentari ta tafi ga ɗan Sudan Suhaib Gasmelbari, wanda ya bi wasu dattawa huɗu, tsofaffin masu shirya fim, suna faɗi-tashin sake buɗe wata sinima a Omdurman hukuma na ta yi musu yawo da hankali. Duk wanda ya san yadda gidajen sinimar Kano da Kaduna da Zariya suka koma shaguna da wuraren taro zai ga kansa a ciki.

Maganin ƙoƙon bara shi ne kuɗin gida. Tagwaye 'yan Najeriya, Arie da Chuko Esiri, sun kai Eyimofe sashen Forum a 2020, fim ɗin da aka ɗauka a Legas da kuɗin da aka tara a Najeriya. Wanda ya zo da fim ɗinsa a kammale babu mai ce masa ya sauya labari. Arewa ba ta rasa attajirai ba. Abin da ta rasa shi ne attajirin da zai ɗauki fim a matsayin abin da za a tuna shi da shi, da kuma furodusan da zai iya nuna masa lissafi a rubuce, ya dawo masa da bayanin kowane kwabo.

"Ko mun kai ba za su ɗauka ba"

Sau nawa muka kai?

Harshe dai ba shi ne cikas ba. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi dokumentari da Hausa a kan samarin unguwar Kara-Kara, ya zagaya bukukuwan duniya tun daga 2021. Najeriya da kanta ta tura finafinan da aka yi da Hausa neman Oscar har sau biyu, a 2020 da 2024.

Cikas ɗin yana cikin yadda muke aiki. Manyan bukukuwa suna son fim ɗin da ba a riga an sake shi ga duniya ba, wanda aka ɗora a YouTube kuwa ya riga ya fita daga layi. Suna son sauti mai tsabta, mu kuma sau da yawa ƙarar janareta da kukan babur suna cikin maganar jarumi. Suna son shaidar cewa kowane kiɗa da ke cikin fim naka ne ko ka biya mai shi, mu kuma mun daɗe muna ɗauko karin waƙoƙin Indiya ba tare da tunanin akwai mai haƙƙi ba. Sai fassarar ƙasan hoto, wadda ita ce bakin fim ɗinka a wurin baƙo. A nan akan miƙa ta ga duk yaron da ya ɗan iya Turanci ya kwana yana bugawa, karin magana mai zurfi ta koma shirme, baƙo ya yi dariya a inda ya kamata ya yi hawaye.

Ban kira wannan lalaci ba, domin na ga yadda mutanen nan ke aiki. Satar fasaha da wayar hannu sun kashe kasuwar faifai. Furodusa ya koma shiri mai dogon zango, dole ya fitar da kashi ɗaya kowane mako ko masu kallo su koma wajen wani. Ana ɗauka da rana, a tace da dare, a ɗora da safe. Wanda ke cikin wannan tsere ba shi da wata shida na zama a kan labari ɗaya. Babu kuma mai cewa a daina shirye-shiryen da ke ciyar da dubban gidaje. Amma masana'antar da ke fitar da ɗaruruwan awanni a shekara za ta iya ware fim ɗaya ko biyu ta yi musu aikin natsuwa.

Kasuwar da ke bayan jar darduma

Abin da talabijin ke nuna mana shi ne ado da murmushi. Ainihin cinikin yana wani tsohon gini mai suna Gropius Bau, inda ake cin kasuwar European Film Market a daidai kwanakin bikin. Dubban masu saye da sayarwa ne ke haɗuwa: gidajen talabijin, kamfanonin haska fim ta intanet, masu rarraba finafinai ga gidajen sinima, har masu sayen finafinan da ake kallo a jirgin sama. Fim ɗaya akan sayar da haƙƙin nuna shi ƙasa-ƙasa, kowace da farashinta da adadin shekarunta.

Manomin riɗi da ke sayarwa a bakin gona da wanda ya san farashin Dawanau ba ɗaya suke ba, ko da buhunsu iri ɗaya ne. Mu har yanzu a bakin gona muke sayarwa. Muna da masu kallo daga Agadas zuwa zangon Kumasi, daga Garwa zuwa Sudan da Saudiyya, amma abin da ke shigowa aljihun mai fim shi ne ɗan abin da YouTube ya ga dama ya bayar na talla. Idan wani kamfani ya zo da kwangila, sau da yawa akan sa hannu a sallama komai har abada, saboda ba a san ana iya sayar da shekara uku a ƙasa ɗaya a riƙe sauran ba. Irin wannan ilimin a kasuwa ake koyonsa, wurin waɗanda suka saba.

Akwai kuma shirin Berlinale Talents, tun 2003, da ke gayyatar matasa wajen 200 daga sassan duniya kowace shekara. Bai tsaya kan daraktoci ba, har da marubuta, masu ɗaukar hoto, masu haɗa sauti da masu sharhin finafinai. Yana da reshe a Durban ta Afirka ta Kudu. Ta intanet ake nema, samfurin aikinka ne ke yi maka magana.

Zancen biza gaskiya ne, kuma abin haushi ne. Ɗan Afirka kan riƙe takardar gayyata a hannu a hana shi shiga, Bature kuwa ya zo ya ɗauki fim a garinmu ya koma ba wahala. Kuɗin jirgi da masauki a watan Fabrairu, da darajar Naira ta yau, sun fi ƙarfin yawancin masu sana'ar. Shi ya sa bai kamata a bar wa mutum ɗaya ba. Ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN da gwamnatocin jihohin da ke karɓar kuɗin rajista da na tace finafinai za su iya tura mutum biyu ko uku a shekara. Kada a zaɓi waɗanda za su je ɗaukar hoto a kan darduma. A tura furodusa mai jin Turanci, da lauyan da ya san haƙƙin mallaka, da marubuci, da sharaɗin idan sun dawo su tara 'yan sana'a su zazzage abin da suka gani, har da kwafin irin kwangilolin da ake sa wa hannu.

Hanyar ma ba daga Berlin take farawa ba. Masu zaɓo wa manyan bukukuwa finafinai suna yawo, suna zuwa bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu, wanda ake yi tun 1969 kuma ɗan Nijar Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautarsa a 1972, suna zuwa Durban, suna leƙa na Legas. A gida muna da bukukuwan finafinai na Zuma a Abuja da KILAF a Kano. Waɗannan ne ya kamata mu cika da finafinai masu kyau da 'yan kallo masu sayen tikiti, mu daina mayar da su wurin jawabin manyan baƙi da rabon lambar yabo. Wanda kuma yake da fim a hannu yana hangen Berlin, ya sani tun wajajen kaka ake rufe karɓar finafinan bikin Fabrairu, don haka sauti da fassara da takardun haƙƙi sai sun kammala kafin damina ta ɗauke.